Yadda Ake Zuba Kifin Zinare a Tankin Gida da Zaɓa Masa Abokan Zama

Ƙaramin kifin zinaren da ake sayarwa, wanda bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, jariri ne. Ɗan gidan kifin kaf (carp) na ƙasar Sin ne da aka soma kiwatawa don ado shekaru sama da 1,000 da suka wuce, kuma idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15, wasu ma su haura 20. Saboda haka lissafin tanki ba da girmansa na yau ake yi ba, da girman da zai kai nan da shekara biyu ake yi.

Iri biyu ne a dunƙule. Akwai masu siririn jiki da wutsiya ɗaya, irin su komet da shubunkin, waɗanda kan kai santimita 25 zuwa 30, ga gudu. Waɗannan kifin kududdufi ne, a cikin ɗaki sai tankin da ya wuce lita 200 ga guda ɗaya. Akwai kuma masu dunƙulallen jiki da wutsiya biyu, irin su fantel, oranda, ranchu da baƙin nan mai fitattun idanu da ake kira mur. Su kan tsaya a santimita 15 zuwa 20, kuma su suka dace da tankin gida. Kifi na farko a ba shi lita 80 zuwa 110, kowane ƙari kuma a ƙara masa lita 40. Wato biyu za su zauna lafiya a lita 150. Kwalbar gilashin nan mai kama da tulu a manta da ita, ba wurin sa mataci, wato na'urar tace ruwa, bakinta kuma ya yi ƙanƙanta. A zaɓi tanki mai tsawo da faɗi a kan mai tsayi, domin ta saman ruwa iskar shaƙa take shiga. A kuma tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 150 da yashinsa da gilashinsa zai doshi kilo 200, ba kowane teburi ke ɗaukarsa ba.

Me ya sa ruwa mai yawa haka? Kifin zinare ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, abinci wucewa yake ta hanji kai tsaye, shi ya sa kullum yana ci kullum yana kashi. Kashin da abin da yake fitarwa ta wurin numfashinsa su ke zama amoniya, ita kuwa guba ce. Abin da ke kawar da ita ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a cikin soson mataci: wasu su mayar da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne, wasu su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke jurewa idan bai taru ba. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyin. Nan ne yawancin sababbin masu kiwo suke asara, su cika tanki da safe, su zuba kifi da yamma, bayan mako guda su tarar da su a sama suna haki.

Ga yadda ake shirya shi. A wanke yashi da ruwa zalla, ba sabulu, a shimfiɗa kamar kaurin santimita 3. Yashi ya fi tsakuwa, domin kifin zinare yini yake yana tonon ƙasa da baki, tsakuwar da ta yi daidai da bakinsa kan maƙale masa. A cika ruwa, a zuba maganin kashe kulorin bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar. Barin ruwa ya kwana don kulorin ya tashi ba ya isa ko'ina, don wasu hukumomin ruwa kuloramin suke sawa, wani ɗan'uwan kulorin, shi kuma ba ya tashi da kansa. A kunna mataci mai juya ruwan tankin aƙalla sau 5 a awa, wato lita 750 a awa ga tankin lita 150, amma a karya ƙarfin fitar ruwan da bango ko da itace, saboda masu dunƙulallen jiki ba gwanayen iyo ba ne. Daga nan a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum a tankin da ba kowa, ya ruɓe ya ciyar da bakteriya, ana gwada ruwan duk bayan kwana biyu ko uku da kayan gwaji na ɗigo. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo baya shi ma ya sauka. Ranar da duka biyun suka nuna sifili, naitiret kuma ya bayyana, tanki ya isa a zuba masa kifi. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Idan an samu tsohon soso daga lafiyayyen tanki aka sa a matacin, lokacin yana raguwa sosai.

Wajen saye, a tsaya a kalli tankin mai sayarwa na ɗan lokaci. Kifin da ya miƙe fiffiken bayansa, yana yawo yana tsince-tsince, shi ake so. Wanda ya matse fiffikensa, ko yake goga jiki da dutse, ko yake da farare-fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, a bar shi, a bar duk na cikin tankin ma. In an zo gida a ɗora ledar a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, a riƙa ƙara mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan na wasu mintuna 20, sannan a kwashe kifin da raga. Ruwan leda a zubar waje. Kada a zuba fiye da biyu a tashi ɗaya, a bar mako biyu tsakani don bakteriya su yawaita daidai da sabon nauyi. Duk wanda zai shigo daga baya ya fara yin mako 3 zuwa 4 a wani ƙaramin tanki shi kaɗai, a ga lafiyarsa.

Batun abokin zama kuwa, babu wanda ya kai wani kifin zinaren mai irin jikinsa. Ko a tsakaninsu ma ba a haɗa mai wutsiya ɗaya da mai biyu, don komet zai cinye abinci kafin ranchu ya juyo, mur kuma da ba ya gani sosai yunwa ce za ta rame da shi. Idan dole ana son wani iri, sai ya cika sharaɗi uku: ya iya zama a ruwan da bai da ɗumi, tsakanin digiri 18 zuwa 23 na ma'aunin Selshiyos, ya fi ƙarfin bakin kifin zinare, kuma ba mai cizon fiffike ba.

Wanda ya fi cika su shi ne dojo, wani dogon kifi mai gashin baki da ke kwanciya a ƙasa. Lafiyayye ne, yana son sanyi, amma yakan kai santimita 20 ko fiye, yana son 'yan'uwa biyu ko uku, kuma gwanin tsalle ne, dole murfi ya rufu ruf. Zebra daniyo da farin gajimare, wato wait kulaud, suna jure sanyi kuma suna da gudu, a sa su shida ko fiye. Sai dai santimita 4 zuwa 5 ne kawai, ranar da oranda ya girma za a fara ƙirga su ana ganin gibi. Rozi bab ya fi su girma, amma idan ba su kai shida ba sukan huce a kan doguwar wutsiya. Dodon koɗi irin nerait yana cin gansakuka, ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa a ruwan daɗi, kuma nauyinsa a kan mataci kaɗan ne. Shi ne zaɓin da ba ya jawo rigima.

Waɗanda za a guje wa sun fi yawa. Babban fuleko, wanda ake cewa mai share gilashi, yana wuce santimita 40, da dare kuma yakan manne a jikin kifin zinare yana tsotse yauƙin da ke kare fatarsa, da safe a ga jan tabo zagayayye. Idan ana son irinsa, ƙaramin mai gashin hanci da ke tsayawa a santimita 12 ya fi dama, shi ma a sa masa ido. Koridoras da otosinkulus suna da ƙaya a fiffike, kifin zinare ya haɗiye su su maƙale a maƙogwaro, a rasa biyun. Beta, da kuma enjel da sauran danginsa na sikilid, ruwan ɗumi suke so, ga faɗa. Taiga bab yagar wutsiya ce sana'arsa. Niyon tetra da jatan lande kuwa abinci ne kawai mai tsada.

Shuka sai mai taurin ganye, anubiyas ko jaba fan, a ɗaure su jikin dutse ko itace, sauran cinye su za a yi.

Da an haɗa iri-iri, ciyarwa ce ke nuna ko zaman zai yiwu. A ba da abinci mai nutsewa sau biyu a rana, abin da za su gama cikin minti biyu, a zuba a kusurwa biyu na tankin lokaci ɗaya don masu gudu su tafi can, masu nawa su samu nan. Abinci mai yawo a sama yana sa masu dunƙulallen jiki haɗiyar iska, wani lokaci a ga kifi yana birkicewa ciki sama. In hakan ta faru a dakatar da abinci kwana biyu, sannan a ba shi dafaffen koren wake da aka ɓare. Duk mako a canja kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan, ana zuƙe dattin ƙasa da tiyo, sabon ruwan ya zo da zafi ɗaya da na ciki. Soson mataci a matse shi a bokitin tsohon ruwan tanki, ruwan famfo kashe bakteriyar yake. Idan duk da canjin mako-mako naitiret yana wuce miligiram 40 a lita, ko kifaye na taruwa a sama da asuba suna buɗe baki, tankin ya cika. A ƙara famfon iska nan take, a rage baƙin ta hanyar ba wani mai kiwo ko mayar wa mai sayarwa. Kada a sake su a kogi ko tafki, domin a can sukan girma su hayayyafa su ƙwace wa kifayen wurin abinci.