Kurakuran da masu juna biyu ke yi wajen ɗaukar kaya a wurin aiki

Jarkar ruwa mai lita 25, idan ta cika, nauyinta ya kai kilo 25. Na sha ganin mace da cikin wata bakwai a gidan abinci ta sunkuya ta ciccibo ta daga ƙasa, tana cije leɓe, ta dire, sannan ta dafe ƙugu. In an yi mata magana sai ta ce, "Ai na saba."

Sabon nan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Jikin da ya saba ba shi ne jikin yanzu ba. Ciki yana sa jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi su saki, kuma yana girma yana tura kaya nesa da ƙashin baya, sai nauyin ya ƙaru a kan ƙugu. Ga saurin tangaɗi, domin tsayuwar ma ta canja.

Wasu kuma lamba ɗaya suke nema: kilo nawa ne iyaka? Iyakar tana sauyawa. A 2013 masana na hukumar NIOSH, mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, sun fitar da ma'auni, ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar kuma ta yi na'am da shi a 2018. Idan ɗaukar jefi-jefi ce, ba ta kai sau ɗaya a minti biyar ba, iyaka kilo 16 kafin mako 20, kilo 12 bayansa. Idan kuwa ɗauka ce a kai a kai fiye da awa ɗaya a rana, kilo 8 ne da farko, daga baya kilo 6 kacal. Ki auna da jakar fiya wata mai leda 20, wadda ke da kilo 10. Ɗauka ɗaya ba laifi, amma mai shagon da za ta wuni tana jidarsu ta wuce gona da iri. Buhun shinkafa mai kilo 50 kam ba a ma maganarsa. Kuma lambobin nan na mai lafiyayyen ciki ne, wadda ta riƙe kaya da hannu biyu, daf da jiki, daidai ƙugu. Mai hawan jini, ko wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko take ganin jini, likitanta ne zai yanka mata tata iyakar.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukowa daga ƙasa. Ma'aunin nan ya hana mai ciki ɗaukar kayan da ke ƙasa da tsakiyar ƙwauri, da wanda ya wuce saman kai. Mu kuwa komai namu a ƙasa yake: tukunya a murhu, bokiti a bakin rijiya, kwandon tumatir a kasuwa. Gyaran ba tsada. A sa benci ko teburi, kayan da ake yawan taɓawa su zauna daidai ƙugu. A raba jarka gida uku a ƙaramin bokiti, ko a tura a baro. In tallan ne a ka, kada ki ɗora wa kanki, kada ki sauke wa kanki. Ki ce a kama miki. Kuma kar ki murɗa ƙugu da kaya a hannu, ki juya da ƙafafunki. A tuna ma, yaro ɗan shekara biyu ya kai wajen kilo 12, shi ma kaya ne.

Akwai masu cewa aikin ƙarfi yana sauƙaƙa naƙuda. Tafiya da motsa jiki suna da amfani ƙwarai, ba a ce ki kwanta ba, amma ciccibar buhu ba ta cikin wannan.

Sai kunya, musamman a cikin fari. Yarinya za ta ɓoye wa uwar ɗakinta har sai ya fito fili, tana jidar kaya kamar kowa. 'Yar'uwa, ki faɗa da wuri, in bakinki ya yi nauyi ki karɓo takarda a wajen awo ki miƙa, a canja miki aiki. In kuwa bayan ɗaukar kaya kika ga jini, ko ruwa ya zubo, ko mara ta riƙa ɗaurewa tana saki, ko motsin ɗa ya ragu, ki ajiye komai ki nufi asibiti a take, kada ki jira ranar awo.