Yadda za ka bi diddigin maganar baftisma da ceto ba tare da an ɓata da kowa ba

Ɗan'uwa in wannan gardamar ta same ka, wai sai an yi wa mutum baftisma zai sami ceto ko a'a, kafin ka buɗe baki ka fara raba tambayar gida biyu. Ta farko, shin Yesu ya umarta a yi? Wannan kam ba musu, Matiyu 28:19 na nan. Ta biyun ce ke da ƙura: wanda ya ba da gaskiya amma ya mutu ba a sa shi a ruwa ba, ya ceto ko ya halaka? Yawancin masu ɗaga murya bayan an tashi daga sujada haɗa biyun suke yi, shi ya sa ba a gamawa.

Sai ka ɗauko Littafi Mai Tsarki da biro, ka fara da ayoyin ɓangaren da BA ka yarda da shi ba. In kai ɗan ECWA ne ko Baptist, wanda aka koya masa cewa baftisma shaida ce ta abin da ya riga ya faru a zuciya, to zauna da Yahaya 3:5 inda Yesu ya yi wa Nikodimu maganar haihuwa ta ruwa da Ruhu, da Ayyukan Manzanni 2:38 inda Bitrus ya haɗa tuba da baftisma da gafarar zunubai, da 1 Bitrus 3:21. Ayoyi ne masu nauyi fa, kar ka tsallake su. In kuma kai ɗan Katolika ne ko Lutheran, ka karanta Afisawa 2:8-9 da Romawa 10:9, da 1 Korintiyawa 1:17 inda Bulus ya ce ba baftisma aka aiko shi yi ba, bishara ce.

Kuma don Allah babin gaba ɗaya za ka karanta, ba aya ɗaya da aka turo maka a WhatsApp ba. Ɗauki Markus 16:16, kowane ɓangare na jan ta. Rabin farko ya haɗa bangaskiya da baftisma, rabi na biyu da ya zo maganar hukunci rashin bangaskiya kaɗai ya ambata. Ga shi kuma Markus 16:9-20 ba ya cikin wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu, shi ya sa za ka ga ɗan bayani a ƙasan shafi a wasu bugun. Ni dai ba zan gina hujjata duka a kanta ba.

Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, Luka 23:43, wanda Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi, masu cewa ana iya samun ceto ba baftisma shi suke fara kawowa, amma ka shirya za a ce maka ai ya mutu tun kafin a ba da umarnin. A ganina labarin Karniliyas a Ayyukan Manzanni 10 ya fi ƙarfi, Bitrus yana cikin wa'azi Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa mutanen gidan tun ruwa bai taɓa su ba. To amma duba abin da Bitrus ya yi, nan take ya ce a yi musu baftisma, bai ce tunda sun sami Ruhu shikenan ba.

Daga nan ka nemi abin da kowace ikilisiya ta rubuta da kanta, ka bar "an ce". Katikizim na Katolika, wato littafin koyarwarsu, sakin layi na 1257 ya ce baftisma wajibi ce ga wanda ya ji bishara kuma ya sami damar neman ta, amma Allah shi ba a ɗaure yake da sakramenti (tsarkakan ibadu irin su baftisma) ba, shi ya sa suke da koyarwar baftismar jini ga wanda aka kashe saboda bangaskiya, da ta muradi ga wanda ya mutu yana shirin karɓa. Lutheran ma a shaidar bangaskiyarsu ta Augsburg, 1530, sun ce wajibi ce don ceto. Ƙungiyoyin Kirista irin su Salvation Army da yawancin Quakers kuwa ba sa yin baftismar ruwa kwata-kwata. Kuma kar ka ɗauka gardamar wasa ce a da, a 1527 an nutsar da Felix Manz a kogi a Zurich saboda sake yi wa manya baftisma.

In ka gama wannan zagayen za ka lura Katolika da ECWA ba su yi nisa da juna kamar yadda ake hayaniya ba a kan mai bi da mutuwa ta riska bai sami dama ba. Wanda ya sami dama yana ta ja da baya, yau aiki gobe kunya, shi ne ba wanda zai ba shi uzuri. Mai gadin kurkuku na Filibi a daren da ya ba da gaskiya aka yi masa, shi da iyalinsa. In kai ne ba a yi wa ba, ka je wurin fasto ko fada ko katikis ranar Lahadi ka tambayi yaushe ajin baftisma zai fara, ka sa a rubuta sunanka.