Yadda Ake Bin Aikatau Wajen Nazarin Littafi Mai Tsarki

A ƙungiyarmu ta nazari da ke haɗuwa ran Laraba da yamma a Tahoua, na lura muna gaggawar neman darasin aya tun ba mu tantance wanda ya yi me a cikinta ba. Abin da ya taimake mu shi ne farawa da aikatau, wato kalmar da ke ɗauke da aikin.

Ka zaɓi ayoyi kaɗan, ka ja layi da fensir ƙarƙashin kowane aikatau, sannan ka tambaye shi: wa ya yi, a kan wa aikin ya faɗa, wa ya amfana, kuma da me aka yi? Kowane aikatau yana da guraben da yake son a cike masa. "Gudu" mai yi kaɗai yake nema, amma "ba" sai da mai bayarwa da abin da aka bayar da mai karɓa.

Gwada da Luka 15:20, inda ɗan da ya ɓata ya komo gida. Yaron ya tashi, ya nufo gida, daga nan ayyuka biyar da suka biyo baya duk na uban ne: ya hango shi, ya ji tausayinsa, ya sheƙa a guje, ya rungume shi, ya sumbace shi. Yaron ya koma karɓau, wato wanda aikin yake faɗawa a kansa, tun bai buɗe baki da jawabin tuban da ya shirya ba. Ranar da muka jera su a allo, wani dattijo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe labarin uban ne.

Inda ya fi bukatar natsuwa shi ne wurin "an" da "aka" da "za a", domin Hausa tana ɓoye mai yi a cikinsu. A Matiyu 5:4 da 5:6, inda aka ce za a ta'azantar da masu makoki, za a kuma ƙosar da masu yunwar adalci, Helenancin asali ma bai ambaci mai yi ba, kuma masana da yawa sun fahimci Allah ake nufi. Sai dai kada ka mai da wannan doka, domin a Matiyu 14:11, inda aka ce an kawo kan Yahaya Mai Baftisma, waɗanda suka kawo shi mutanen Sarki Hirudus ne. Ayoyin da ke kewaye su ne za su raba gardama, kuma idan ka iya Faransanci, ka buɗe fassarar Louis Segond ta 1910 kusa da ta Hausa, ka kwatanta yadda kowace ta cike gurbin.