Kurakuran da aka fi yi wajen sauya manifol ɗin iska a injin V8

Manifol ɗin iska shi ne wannan ƙarfen da ke zaune a kwarin da ke tsakanin sahun silinda biyu na injin V, yana karɓar iska daga kafireta ko bakin totur yana raba wa kowace silinda kasonta. Da yake yana saman inji, ido na ganinsa da zarar an ɗaga bonet, shi ya sa da shi ake fara kwalliya, kuma a kansa ake yawan yin asara.

Babban kuskure, wanda sauran duk ƙannensa ne, shi ne mutum ya sayi manifol don gudun da ba zai taɓa yi ba. Iri biyu ne a injinan kafireta. Akwai mai ɗaki biyu, wanda aka raba cikinsa da bango, kowane ɓangare yana ciyar da silinda huɗu ta dogayen hanyoyi matsattsu. Akwai kuma mai ɗaki ɗaya, fili guda buɗaɗɗe da gajerun hanyoyi masu faɗi. Matsatsiyar hanya tana sa iska ta yi sauri ko da inji yana juyawa a hankali, sai ta ja fetur da kyau ta cika silinda, mota ta tashi da ƙarfi daga tsaye. Faffaɗar hanya kuwa sai inji ya ɗau zafin juyi take nuna amfaninta. Kamfanin Edelbrock mai ƙera manifol da kansa ya rubuta iyakar juyin inji da kowane manifol ɗinsa ya dace da ita: Performer daga silo zuwa zagaye 5,500 a minti, Performer RPM daga 1,500 zuwa 6,500, duka biyun masu ɗaki biyu ne, shi kuwa Victor Jr., mai ɗaki ɗaya, daga 3,500 zuwa 8,000. To, ka zura wa allurar da ke nuna zagayen injin motarka ido na mako guda. Tsakanin wannan danja da waccan, sau nawa ta haura 3,500? Wanda ya ɗora Victor Jr. a motar zirga-zirga ya sayi ƙarfin da ke can sama, ya bayar da wanda yake amfani da shi kullum. Sai ka ji mota tana kakari wajen tashi, tana shan mai, mai ita yana zargin kafireta alhali ba ruwanta. Ga motar titi, ni dai mai ɗaki biyu nake ba da shawara, sai fa in an gina injin tun daga tushe don tsere.

Daga nan sai mantawa da cewa manifol ba shi kaɗai yake aiki ba. Kamshaf ne ke faɗin lokacin da bawul zai buɗe, kan silinda ke faɗin yawan iskar da za ta wuce, giya kuma ke faɗin inda inji zai riƙa juyawa. In ka haɗa manifol na 8,000 da kamshaf ɗin asali wanda numfashinsa ke yankewa tun kafin 5,000, kowanne zai hana ɗan'uwansa aiki. Ka duba iyakar zagayen da aka rubuta wa kamshaf ɗinka, ka nemi manifol da ya yi daidai da ita. Haka batun kafireta. Lissafinsa ba wuya: girman inji a inci-kubik, sau zagayen da za ka kai, a raba da 3,456. Injin Chevrolet 350, wato mai inci-kubik 350, a zagaye 6,000 iskar da yake ja ba ta wuce ƙafa-kubik 608 a minti ba, kuma wannan in silinda tana cika taf ke nan, abin da injin titi ba ya yi. Ashe kafireta mai lamba 600, wato mai wuce da ƙafa-kubik 600 a minti, ta ishe shi. Mai 850 sai dai ta kashe masa kuzarin tashi.

Sai kuma wanda ya fi ban haushi, wato kaya su iso su ƙi zama. "Ai duk 350 ne" ta jawo wa mutane da yawa. Tsohon kan silinda na ƙaramin injin Chevrolet yana ɗaukar noti 12. Daga 1987 an sauya kusurwar huɗun da ke tsakiya. Kan Vortec na 1996 kuwa noti 8 yake ɗauka, a tsaye cak, ramukan iskarsa ma sun fi tsayi. A gidan Ford, 302 da 351 Windsor kamar tagwaye suke, amma 351 ya fi tsayin gangar jiki, don haka manifol ɗinsa ya fi faɗi. A injinan LS na Chevrolet, ramin iskar LS1 da LS6 dogo ne siriri mai tsini a sama, na LS3 kuma mai kusurwa huɗu ne. Kafin ka biya kuɗi, ka karanta lambar da aka zuba a jikin kan silindarka, kada ka dogara da shekarar motar, don ba ka san hannu nawa ya taɓa injin ba. Ka kuma duba mazaunin kafireta: na Holley 4150 ramuka huɗu ne kusan kai ɗaya, na Quadrajet biyu ƙanana biyu manya.

Tsayi ma abin dubawa ne. Na taɓa gama ɗaure komai, na goge hannu, na saki bonet, sai na ji ƙwas. Notin murfin matatar iska ya tura ƙarfen bonet ya yi ƙullutu a tsakiya, fenti ya tsage. Da na san haka, da na yi abin da nake yi yanzu: in dunƙula laka ko takardar alminiyam in aza a kan murfin tun tsohon manifol na nan, in rufe bonet a hankali, in buɗe in auna kaurin abin da ya rage. Wannan shi ne sararin da nake da shi, kuma sai na bar wa inji ɗan wuri, don yana girgiza in an taka totur.

Wajen ɗaurawa, ƙarfin hannu ba gwaninta ba ne. Alminiyam yana lanƙwasa, roba tana tsagewa. Ana fara ɗaure notin tsakiya ne a yi ta fita waje, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo. A awon ƙarfin ɗaure noti, tsohon 350 yana son kimanin fam-ƙafa 25, Vortec 11 kacal, manifol ɗin roba na LS kuwa fam-inci 89, wanda bai kai fam-ƙafa 8 ba. Mai rikita inci da ƙafa sai ya sayi wani. A gaba da bayan kwarin tsohon inji, siririn gasket ɗin da ke zuwa cikin kwali yakan zame, gara a zuba silikon mai kauri kamar fensir. Ka zubar da ruwan lagireto kafin ka kwance, ka yi wa distiributa alama kafin ka zare ta, ka toshe ramuka da tsumma mai tsabta, ka kuma ƙirga tsummokaran da ka cire. In an taɓa kankare kan silinda, ka gwada zaman manifol ba gasket tukuna, don ramukan kan goce wa juna. Bayan an gama a sauya baƙin mai, ko ɗigon ruwa ne ya faɗa ciki zai ci ƙarfe.

In ka tayar da mota ka ji silo ya hau ya ƙi sauka, ko tana fito siriri, iska ce ke sata ta gefen gasket. Kada ka taɓa saitin kafireta sai ka toshe wannan. In kuwa babu yoyo, to saiti ya zama dole, don iskar da ke shiga ta sauya: a kafireta a sake duba jet da lokacin wuta, a injin kwamfuta kuma a kai wa mai saiti ya daidaita mai da sabuwar iskar kafin a fara taka ta da ƙarfi.