Darasi Na 9: Doguwar Tafiya Da Mota, Takardunta Da Jirgin Fito

Wannan darasi na mutumin da zai tuƙa motarsa ne ya ratsa ƙasashe da dama, kuma a wani wuri hanya ta ƙare a bakin ruwa, sai an sa motar a jirgi kafin a ci gaba. A karanta shi a hankali. Kowa ya ajiye biro da takarda kusa da shi, domin akwai lissafi a ciki.

Yawancin masu shirin irin wannan tafiya da mota suke farawa: taya, inji, burki. Hakan daidai ne. Amma motar da ta lalace, a kusan kowane gari za a sami makaniken da zai taɓa ta. Abubuwa biyu ne ba su gyaruwa da zarar ka bar gida: takardar da ba ka zo da ita ba, da jirgin da ya riga ya tashi. Saboda haka shirin wannan tafiya daga ranar jirgi yake farawa, a riƙa ƙirgawa baya har a iso yau.

Taswira

Ka shimfiɗa taswira, ka ja layi daga inda za ka tashi zuwa inda za ka. Duk inda layin ya ƙetare iyakar ƙasa ka sa alama. Duk inda ya faɗa ruwa ka sa wata alamar daban.

Ba kowace hanyar da aka zana ce ake bi ba. Maroko da Aljeriya maƙwabta ne, titi ya haɗa su, amma iyakarsu ta ƙasa a rufe take tun 1994. Tsakanin Panama da Kolombiya kuwa akwai dajin Dariyen, inda babban titin da ya ratsa nahiyar ya yanke na kimanin kilomita 100. Mai mota a can dole ya sa ta a jirgin kaya, yawanci cikin kwantena. Wani wurin kuma sauƙi ne ya zo: a Kazungula, tsakanin Zambiya da Botswana, a da can da jirgin fito ake tsallake kogin Zambezi, amma an buɗe gada a 2021. Haka aka buɗe gada a kan kogin Gambiya kusa da Farafenni a 2019. Kun ga ke nan labarin wanda ya bi hanya shekara goma da suka wuce ba abin dogara ba ne yau. Matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi ofishin jakadancin ƙasar, da kamfanin jirgin, da wanda ya wuce kwanan nan.

Takardunka

Fasfo da biza ba sa bukatar dogon bayani. Ka duba ranar ƙarewar fasfonka, domin ƙasashe da yawa suna son ya rage masa aƙalla wata 6, kuma ka ƙirga shafukan da ba a buga wa hatimi ba. A jikin biza ka karanta abu biyu: kwana nawa aka ba ka, da kuma sau nawa za ka iya shiga. Idan ta nan za ka dawo, bizar shiga sau ɗaya ba za ta ishe ka ba.

Katin allurar rigakafin cutar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iya rayuwa.

Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri-iri ne. Biyu aka fi sani: na yarjejeniyar 1949, mai aiki shekara 1, da na yarjejeniyar 1968, mai iya kaiwa shekara 3. Shekarar tana rubuce a bangonsa. Wata ƙasar wannan take karɓa, wata wancan. Kuma shi kaɗai ba ya aiki, sai an haɗa shi da lasinka na gida.

Takardun mota

Nan ne ya kamata mu daɗe.

Idan ka shiga wata ƙasa da mota, a wurin jami'in kwastan kaya ka shigo da su, kaya masu tsada. Tsoronsa kada ka sayar da ita a ciki ba tare da an biya haraji ba. Duk takardun da zai nema, amsar tambaya ɗaya suke bayarwa: wane tabbaci ne cewa motar nan za ta fita?

Ƙasashe da yawa a bakin iyaka suke ba da takardar izinin shigar mota na ɗan lokaci. A jikinta akwai ranar da dole motar ta fita. Kada ka tashi daga gaban tebur sai ka karanta wannan rana. Sau da yawa kwanakin mota da kwanakin biza ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya fi gajarta shi ne naka.

Wasu ƙasashen, kamar Indiya da Pakistan da Iran, suna neman wani littafi da ake kira karne. A bangonsa za ka ga an rubuta *Carnet de Passages en Douane*. Ya dogara ne a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1954 game da shigar da motoci na ɗan lokaci. Ƙungiyoyin masu motoci da aka amince da su ne ke bayar da shi, tun kafin tafiya, kuma shekara 1 yake aiki. Kafin su ba ka sai ka ajiye kuɗin lamuni ko shaidar banki. Kuɗin ya danganta da darajar motar da ƙasashen da za ka, wani lokaci ma ya fi kuɗin motar kanta. Idan ka dawo da littafin cikakke, a mayar maka da ajiyarka.

Kowane shafi na ƙasa ɗaya ne, kuma kashi uku ne. Ranar shiga, jami'i zai yage kashin ƙasa ya riƙe, ya buga hatimi a kashin sama. Ranar fita, wani jami'in zai yage na tsakiya, ya sake buga hatimi a na sama. Na saman shi ke zama cikin littafin, shi ne shaidarka. Hatimi biyu kake so ka gani a jikinsa: shiga da fita.

Hatimin shiga ba a mantawa da shi, tunda ba za a bar ka ka wuce ba sai da shi. Na fita ne ke kuɓuce wa mutane, musamman a tashar jirgin ruwa, inda ake sauri, ana ta kiran motoci su shiga. Idan babu shi, a littafin kwastan motarka tana cikin ƙasar har yanzu, kuma daga ajiyarka za a cire harajin. Gara jirgi ya ɗan jira ka, ko ma ka jira na gaba, da ka hau ba tare da wannan hatimi ba.

Mutum biyu su karanta wannan hira, ɗaya jami'i, ɗaya direba:

"Malam, an gama. Kana iya tafiya."

"Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai ka ɗan duba mini, ban ga hatimin fita a wannan gefen ba."

"Ai na yage takardar."

"Haka ne, yallaɓai, ka yage. Wannan da ya rage a littafin ne nake roƙo a buga masa, da kwanan wata da sa hannu."

"Kawo. To, ga shi."

"Allah Ya ƙara girma."

Direban bai ɗaga murya ba, bai kuma tafi ba sai da ya ga abin da ya zo nema.

Sai lambar jikin mota, wadda aka buga a ƙarfenta. A yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, baƙaƙe da lambobi 17 ne a jere. Babu I, babu O, babu Q a cikinsu, don kada a rikita su da 1 da 0. Idan ka ga zagaye, sifiri ne. Ka ɗauki kowace takarda ka tsaya gaban motar, ka sa yatsa a kan harafi ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da abin da ke jikin ƙarfen. Haka lambar inji, haka sunanka. Harafi ɗaya da ya saɓa ya isa a tsare mota kwanaki a iyaka, kuma ofishin da zai gyara shi yana can gida. Wanda ya koyi karatu da girma, wanda ya saba bin harafi a nutse, ya fi mai saurin karatu gano irin wannan kuskure.

Idan motar ba da sunanka take ba, sai da wasiƙar izini daga mai ita, wadda hukuma ta tabbatar.

Inshorar gida ba kasafai take tsallake iyaka ba. Shi ya sa yankuna suka yi katin haɗin gwiwa: koren kati a Turai da wasu maƙwabtanta, kati mai ruwan ƙasa a ƙasashen ECOWAS, wanda aka amince da shi a Kwatano a 1982, da kati mai ruwan ɗorawa a ƙasashen COMESA, ƙungiyar kasuwancin gabashi da kudancin Afirka. Wannan na ƙarshe kada a haɗa shi da katin allura, launinsu kawai ya zo ɗaya. Inda babu irin wannan kati, a iyaka ake sayen inshora.

Jirgi

Jiragen fito iri biyu ne. Akwai masu tsayayyen lokaci, kamar na Doba zuwa Kale tsakanin Ingila da Faransa, ko na Aljasiras a Sifaniya zuwa Tanja a Maroko, kowanne kimanin sa'a ɗaya da rabi. Akwai kuma waɗanda ainihinsu jiragen kaya ne, kamar masu tsallake tekun Kasfiyan daga Azarbaijan zuwa Kazakistan. Su sai kaya sun cika, iska kuma ta lafa, sannan su tashi. Mutum na iya yin kwanaki a tasha, kwanakin bizarsa da na motarsa suna ta raguwa. Ka san wane iri ne naka tun kana gida.

Da tsawo da tsayi ake sayar wa mota wuri a jirgi. Ka auna ta bayan ka gama lodi, har da kayan da ke samanta da tayar da ke rataye a bayanta. Motar da aka rubuta mita 1.9 ta iso da mita 2.3 tana iya rasa wuri. Ka tambayi kamfanin dokarsa a kan jarkar mai da tukunyar gas: wasu suna hana jarka mai cike, kuma ana so a rufe gas. Ka tambayi lokacin da ake rufe karɓar motoci, domin ya riga lokacin tashi.

A cikin jirgi ka bi hannun ma'aikacin da ke nuna maka wuri. Ka ja burkin hannu, ka bar motar a giya, ka kashe ƙararrawar ɓarayi, don girgizar ruwa tana tayar da ita. A manyan jiragen teku ba a barin kowa ya koma wurin motoci sai an iso, saboda haka ka fito da fasfo, takardu, kuɗi da maganinka. A ƙaramin jirgin kogi kuwa, fasinjoji su sauka daga motar, a sauke gilashi, kada kowa ya ɗaura bel.

Idan ka ga jirgi ya cika fiye da ƙima, kada ka hau. A ranar 26 ga Satumba, 2002, jirgin Joola na ƙasar Senegal ya kife a teku daura da Gambiya, ɗauke da fiye da ninki uku na mutanen da aka ƙayyade masa. Fiye da mutum 1,800 suka rasu. Babu tikitin da ya kai rai.

Kafin ka sauko, ka tuna hannun da ake tuƙi a can. A Faransa dama ake bi, a Ingila hagu.

Lissafin baya

Ga misali. Jirginka zai tashi ranar 30 ga Yuni. Daga gida zuwa tashar kilomita 2,400 ne, kuma akwai iyaka biyu a hanya. Idan kana yin kilomita 400 a rana, da hasken rana kaɗai, tuƙi zai ci kwana 6. Ka ba kowace iyaka kwana 1, sun zama 8. Ƙara kwana 1 na hutu ko gyara, 9. Ƙara kwana 1 domin ka kwana a garin tashar kafin ranar jirgi, 10. Cire 10 daga 30. Ranar tashinka ita ce 20 ga Yuni.

Ci gaba da komawa baya. Allurar shawara kada ta wuce 10 ga Yuni. Biza da karne suna cin makonni, a fara neman su tun Afrilu. Gyaran mota a gama shi da sauran mako biyu, a yi mata ɗan gwaji da cikakken lodi, don abin da zai kwance ya kwance a kusa da gida. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, a ajiye su daban da na ainihi, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Aikin yi

1. Mota tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, tankinta lita 60 ne. Kilomita nawa za ta yi idan ana so a bar rubu'in tanki don ko-ta-kwana?
2. Bizarka ta kwana 30 ce, izinin motarka na kwana 15. Ka shiga ranar 3 ga wata. Wace takarda ce za ta fara ƙarewa?
3. Jirgi zai tashi ranar 25 ga Agusta. Tafiyar kilomita 1,600 ce, iyaka uku. Yi lissafin baya yadda muka yi, ka rubuta ranar tashi.
4. Ka nemi izinin wani mai mota, ka kwafi lambar jikin motarsa a takarda. Ƙirga baƙaƙen da lambobin. Ka ba na kusa da kai ya karanta maka da ƙarfi, kai kana bin takardar motar da yatsa.