Yadda ake saƙa gizo-gizo na wasan yara da kwarashi

Jikin gizo-gizon nan ƙwallo biyu ne kawai, babba da ƙarami, duk wadda ta iya zagaye da kwarashi zata gama su a zama ɗaya. Inda aikin yake shine ƙafafu, su takwas ne kuma su zasu nuna ko gizo-gizo kika saƙa ko wani dunƙulen zare mai gashi.

Ki tanadi zaren ulu mai matsakaicin kauri, kwarashi mai lamba 3 ko 3.5, audugar da ake cusawa a matashi, babbar allura mai faɗin ido, almakashi, da fil guda ko guntun zare mai wata kala na yin alama. Kwarashin ya zama ya fi wanda aka rubuta a takardar zaren ƙanƙanta kaɗan, don irin wannan saƙar, wadda mutanen Japan suka shahara da ita suke ce mata amigurumi, so take a matse ta sosai, in ta yi sakwa-sakwa audugar zata dinga leƙowa ta ramukan. Baƙin zare kuwa in sabuwar hannu ce ke ban baki shawara ba, ba'a ganin ramukan ko kaɗan musamman da daddare, sai ki ta soka kwarashi a makance. Ruwan toka, ruwan ƙasa ko shunayya duk suna yin kyau.

Saƙa iri ɗaya ce za'a yi ta maimaitawa: ki soka kwarashi a rami ki jawo zare, kinga madauki biyu kenan a kai, sai ki sake naɗo zare ki ratsa ta cikinsu duka.

Mu fara da babban ƙwallon wato ciki. Ki naɗa zare a yatsa ya zama zobe, kiyi saƙa 6 a cikinsa sai ki ja wutsiyar zaren ramin tsakiya ya rufe ruf. Zagaye na biyu bibbiyu a kowane rami, sun zama 12. Daga nan kowane zagaye ƙarin 6 ne, 18, 24, 30, 36, ki rarraba ƙarin kar ya taru waje ɗaya. Ba'a rufe zagayen, haka zaki ta tafiya kamar dodon koɗi, shiyasa dole ki maƙala fil ɗinki a saƙar farko ta kowane zagaye, in ba haka ba ana kiran sunanki sau ɗaya lissafi ya ɓace. Kina kai 36 sai kiyi zagaye bakwai babu ƙari babu ragi, zaki ga ya fara zama kamar ƙoƙo. Sannan ragi: 30, 24, 18. Wajen ragin ki ɗauko madaukin gaba kawai na ramuka biyu ki saƙe su tare, ya fi tsallake rami nesa ba kusa ba don tsallakewa huji yake bari. A 18 ki tsaya ki cusa auduga kaɗan-kaɗan kina yagarta kina turawa gefe-gefe, kar ki dunƙula ta ki tura gaba ɗaya zata yi gudaji. Ki gama da 12, sai 6, ki zura allura ki tsuke bakin.

Kan shima haka ne amma a 24 zaki tsaya, zagaye huɗu a miƙe, ki rage zuwa 18 da 12, in idon roba zaki sa ki maƙala shi yanzu, sannan ki cusa auduga ki bar bakin a buɗe da dogon zare, da shi zaki ɗinke shi a jikin cikin. Ki zagaya ɗinkin sau biyu, wajen nan yara suka fi ja.

To ƙafafu. Kiyi sarƙa 16, wato ki naɗo zare ki ratsa ta madaukin da ke kan kwarashi sau 16, ki tsallake ta kusa da kwarashin, ki dawo da saƙa 7, a rami na gaba ki zuba 3 a wuri ɗaya, sai ki ƙarasa sauran 7. Ukun nan da kika tara su ne gwiwa, da kanta ƙafar zata lanƙwashe a wajen. In kika ga ta yi laɓo-laɓo ki haɗa zaren biyu ki saƙa da su tare. Akwai masu yin ƙafar kamar bututu, saƙa 6 a zagaye su zura waya mai laushi a ciki don ya tsaya da ƙafarsa, yana kyau sosai a kan tebur ko a hoto, amma wallahi bututu takwas ɗin nan sai mai haƙuri, kuma in yaro ne zai riƙe kar ki kuskura ki sa waya, wataran sai bakinta ya huda zaren ya fito.

Inda mutane suka fi kuskure shine wajen maƙala su. Gizo-gizo na gaskiya ƙafafunsa duka a ɓangaren gaba suke inda kan yake, babban cikin nan babu ƙafa ko ɗaya a jikinsa. Don haka huɗu dama huɗu hagu a ƙasan ƙaramin ƙwallon, na gaba su kalli gaba na baya su karkata baya, gwiwa tana sama. Ki fara kafe su da fil ki ajiye shi a ƙasa ki ja baya ki kalle shi, sai kin gamsu sannan ki ɗinke, ki ɓoye wutsiyar kowane zare a cikin audugar.

Ido kuma yawancin gizo-gizo takwas gare su, amma manya biyu da ƙanana biyu a gefe sun isa, in kika cika su tsoro zai ba yaron. Na roba da ake maƙalawa ana sa su ne tun kafin a cusa auduga a kan. In yaron bai kai shekara 3 ba ki haƙura da na roba da maɓalli da duwatsun ado, zai iya ɓalle su ya kai baki, da farin zare da baƙi zaki ɗinka masa idon kawai.