Yadda za ka ɗauko maganar sauyin yanayi a majalisa ba tare da an watse an bar ka ba

Ranar farko da na ɗauko maganar nan a majalisarmu wallahi kunya na sha. Azumin 2024 ne, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, an yi asham an dawo kowa ya baje a tabarma yana fifita da kwali saboda babu wuta, ni kuma lokacin na dawo daga wani taron bita kaina cike da turanci, sai kawai na fara zuba, ɗumamar duniya kaza, yarjejeniyar Paris kaza. Wani dattijo da duk muke ce wa Baba ya bari na gama tsaf, sannan ya ce "kai yaro, zafi da sanyi na Allah ne, miƙo min butar nan." Shi ke nan aka koma hirar ƙwallo.

Sai daga baya na gane ni ne ban iya shiga ba. A Kano babu mai musa maka cewa gari ya canza, ɗan adaidaita ya sani, mai rake ya sani, matar da ke girki a tsakar gida ta fi kowa sani. Inda ake rabuwa shi ne in ka ce da hannun mutum a ciki, sai kuma in ka ce a yi wani abu. To ga yadda nake bi yanzu.

Kar ka fara da bayani, fara da tambaya, kuma babba za ka tambaya. Ka ce "Baba, wai da kuna yara haka zafin nan yake?" sai ka ja bakinka ka yi shiru. Da kansa zai lissafo maka kududdufan da aka cike aka yi gini a kai, da durumi da ceɗiyar da suke ƙofar gidaje aka sare aka yi shaguna, da sanyin hunturun da sai an hura wuta an kewaye ta. In ya manyanta sosai zai kai ka har farin 1973 da na 1984. Kar ka katse shi ko da ya yi nisa, ai duk abin da kake so ka faɗa shi yake faɗa maka, kuma daga bakinsa ya fi shiga kunne.

Maganar ƙaddara kuwa kar ka kuskura ka ja da ita, don gaskiya ce, kai ma ka yi imani da ita. Ka ce haka ne, komai na Allah ne, amma ai Shi ya sanya sababi. Zazzaɓi ma na Allah ne amma muna ɗaura gidan sauro. In akwai mai ilimi a wurin ka roƙe shi ya karanto aya ta 41 a Suratur Rum, wadda ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kai dai kar ka mayar da kanka mai tafsiri in ba fanninka ba ne, yanzun nan wani zai kama ka a wasali ɗaya maganar ta koma wani wajen.

Sai an zo nan za ka kawo bayanin, shi ma a taƙaice. Duk abin da aka ƙona, fetur ne, dizal ne, kwal ne, gas ne ko itace, yana fitar da iskar kabon, ita kuma ba ta ɓacewa da wuri, tana taruwa a sama shekara da shekaru tana riƙe zafin da ya kamata ya fita, kamar mutum ya lulluɓa da bargo a watan Afrilu. Kafin zamanin masana'antu wajen kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da muke shaƙa, yanzu ta haura 420, kuma tun da aka fara ajiye lissafi ba a ga shekarar da ta kai 2024 zafi ba. Lambobi biyun nan sun isa, in ka ƙara na uku an fara duba waya.

Akwai mai cewa to in zafi ne ya ƙaru me ya kawo ambaliya, ai fari ya kamata a gani. Tambaya ce mai kyau, kar ka yi masa dariya. Iska in ta yi zafi ta fi ɗaukar danshi, kusan kashi 7 cikin 100 take ƙarawa a kowane digiri ɗaya, shi ya sa sai a yi kwana da kwanaki ba ruwa shuka tana yaushi, rana ɗaya kuma a sako na sati biyu cikin awa uku. Ka tuna masa 2022, mutum sama da 600 suka rasu a ambaliya a faɗin Najeriya, maƙwabtanmu na Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, sai kuma Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle.

Amma fa a nan ne da yawa daga cikin masu wayar da kai suke kwafsawa, sai su ɗora komai a kan sauyin yanayi. In ruwa ya shiga gidajen layinku saboda kwata ta toshe da ledar fiya wata da robar lemo, ko wani ya yi gini a kan hanyar ruwa, to ka kira abin da sunansa. Mutane ba yara ba ne, sun san wanda ya toshe kwatar, in ka ce hayaƙin Chaina ne za su daina yarda da sauran maganarka. Ka ce ruwan sama ya ƙara ƙarfi, mu kuma mun toshe masa hanya, abu biyu ne suka haɗu.

Sai gardamar da ta fi kowacce zafi, yawanci daga matasa masu bin labarai take fitowa: Turawa ne suka ɓata duniya suka yi arziki, yanzu kuma su ce mu kar mu taɓa man mu. Ni dai ba na musa wannan, don rabinta gaskiya ce. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba, Amurka ce ta fi kowa tarawa a tarihi, Chaina ce kan gaba a yanzu. Abin da nake cewa kawai, in maƙwabci ya yi sakaci gobara ta tashi ta kamo ɗakinka ba za ka naɗe hannu ka ce sai shi ya zo ya kashe ba, za ka ɗebo ruwa tukunna, rigimar diyya ta biyo baya. In kuma aka ce gwamnati fa, ka gaya musu abin da ke rubuce, Buhari ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato abin da take fitarwa kar ya fi abin da ake janyewa daga iska, ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwamban shekarar, kuma Kano tana cikin jihohi 11 na shirin katangar bishiyoyi ta Great Green Wall. Sanin wannan shi zai ba ku bakin tambayar kansila ko ɗan majalisa ina aka kwana in ya zo neman ƙuri'a.

Wajen mata kuma ka yi hattara da maganar gawayi. Na taɓa ce wa gwaggona ta daina girki da gawayi ana ƙarar da daji, ta dube ni ta ce "to ɗan nan, kai za ka dinga cika min silinda?" Ban da amsa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa da suka koma gas sun dawo kurfoti, ba don ba su san illar hayaƙi ba. Don haka ka shiga ta ƙofar aljihu, murhu mai tsimin gawayi, rufe tukunya, jiƙa wake tun dare, kashe garwashi a adana in an gama maimakon a bar shi ya cinye. Haka mai shago, kar ka ce masa janareto yana ɓata duniya, ku zauna ku lissafa kuɗin man da yake sha a wata ku gwada da kuɗin sola ƙarama mai ɗaukar fanka da ƙwan fitila.

Kar ka tashi daga majalisa ba ku tsayar da abu ɗaya ba, ɗaya tak, wanda za a iya yi da kuɗin shayi. Yashe kwata kafin damina ta kankama ya fi sauƙi, ku haɗa shi da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli tunda dama ba a fita da safe, ku sanar da mai unguwa, ku roƙi liman ya faɗa bayan sallar asuba. Sharar da aka kwaso kuma a kwashe ta ranar, in aka tara a bakin kwata ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito.

Bishiya ita ce kowa ke so, ita ce kuma aka fi yin asara a kai, don an saba a zo da 'yan jarida a dasa ɗari a ɗauki hoto, bayan wata guda awaki sun gama da su. Ku dasa biyu ko uku kawai, a watan Yuni ko Yuli da ƙasa ta jiƙa, darbejiya ta fi jure wahala, ku nisanta ta da katanga da wayar wuta. Kafin ku sayo dashen ku tanadi keji, ko na tsofaffin bulo ko na ƙaya, sannan kowace bishiya a damƙa ta a hannun mutum ɗaya da sunansa, don abin da aka ce na kowa ne rani na zuwa zai bushe. Mu tamu a gefen masallaci muka sa, muka gyara wajen alwala yadda ruwan zai dinga gangarawa gindinta, sau biyar a rana ba wanda ya ɗauki bokiti. Baban nan mai buta shi ya karɓi ta farkon, yanzu in yaro ya matsa kusa da kejin tun daga kan tabarma yake daka masa tsawa.